Famfon zafi na ƙarƙashin ƙasa a gidan teras: a haƙa ko a haƙura?

Maman Hanifa (Bradford):
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ɗumama gida. Boilarmu ta gas ta tsufa, mai gyara ya ce da wuya ta fitar da mu hunturu mai zuwa. Gidanmu na layi ne, teras, ginin dutse, kuma a tsakiya muke, bangonmu ɗaya da maƙwabcin dama da na hagu. Ta gaba taku biyu ka hau titi, ta baya kuma ɗan tsakar gida ne da bai wuce wurin shanya da kwandunan shara ba. Maigidan ya dage sai famfon zafi na ƙarƙashin ƙasa, wai gwamnati na ba da tallafin fam 7,500 kuma shi ya fi kowanne sauƙin kuɗin wuta. Ni dai na rasa inda za a haƙa. Akwai wanda ya taɓa ganin an yi a irin gidan nan?

Alhaji Sani (Leeds):
Wa alaikumus salam. Hajiya, wannan na'ura ta masu gona ce da masu gidan da ke da fili har da na kiwo. Gidajen hayan da nake kula da su a Harehills wasu ma baya-da-baya ne, bango uku duk na maƙwabta, ba tsakar gida sam. Ta ina injin haƙa zai shiga? Ku sa sabuwar boila, wajen fam 3,000, yini ɗaya an gama, ku huta.

Usman Mai Gas (Birmingham):
Alhaji ya gama magana.

Sadiya:
Don Allah a yi wa irinmu bayani tukuna. Ruwan zafi ake haƙowa daga ƙasa ko me?

Injiniya Bashir (Manchesta):
A'a ƙanwata, ko ruwan sanyi ba a haƙowa. A nan Birtaniya in ka nutsa ƙasa kamar mita 10 zuwa 15, ɗuminta tsayawa yake wajen digiri 10, ko a Janairu ko a Yuli. Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya da asubar hunturu a gida ya san wannan: iska na yankan jiki, amma ruwan da guga ya kawo da ɗan ɗuminsa. Ba ruwan ne ya ƙara zafi ba, sarari ne ya yi sanyi ya bar shi yadda yake.

To wannan ɗumin ake mora. Ana binne bututun roba rufaffe, ya tafi ya dawo, a cika shi da ruwa haɗe da maganin hana daskarewa. Ruwan zai shiga ƙasa da sanyi, ya dawo ya ƙaru da digiri 3 ko 4. Na'urar da ke cikin gida tana da kwamfiresa irin ta firij, ita ke tattara ɗan ɗumin nan ta ɗaga shi zuwa digiri 40 ko 50, ta tura cikin radiyeta da tankin ruwan wanka. Ribar ita ce awo ɗaya na lantarki (wato kWh, yadda ake rubutawa a bil) yana fitar da awo 3 zuwa 4 na ɗumi, wani lokaci ma fiye.

Binne bututun hanya biyu ne. Akwai na kwance: a tona dogayen ramuka masu zurfin mita ɗaya da ɗoriya, a shimfiɗa bututu. Wannan yana cin fili ɗaruruwan murabba'in mita, don haka mai teras ya manta da shi, nan Alhaji ya yi gaskiya. Sai na tsaye, wato burtsatse: rami mai faɗin kamar santimita 15, zurfi mita 100 zuwa 150 ga ƙaramin gida. Ramin kansa ba ya cin wuri, in an gama murfi kawai za ka gani. Matsalar ita ce abin da zai haƙa shi. Injin yana buƙatar hanyar shiga, da sararin da zai miƙe tsaye, da wurin ajiye sandunan haƙa da babban kwamfiresa, da inda za a tara laka da garin dutsen da ke fitowa. Akwai ƙanana masu tafiya kan sarƙa da ke bin ƙofa mai ɗan faɗi, amma ba kowane kamfani ke da su ba.

Hajiya, akwai lungu a bayan gidan, ko sai ta cikin falo ake bi zuwa tsakar gida?

Maman Hanifa:
Akwai lungu Injiniya, ta nan muke fitar da shara. Ƙaramar mota tana bi da ƙyar. Amma ƙofar bayan ta mutum ɗaya ce, sai dai a rushe katangar. Kuma muna da ɗakin ƙasa, bushe yake, tarkace kawai muka zuba.

Injiniya Bashir:
Ɗakin ƙasan nan dukiya ne, ku riƙe shi. Abin da ke kayar da yawancin masu teras ba ma ramin ba ne, rashin wurin ajiye tankin ruwan zafi ne, tun da aka cire tsofaffin tankuna aka koma boilar kombi, mai ɗumama ruwa nan take ba tare da tanki ba, aka mayar da wurin banɗaki.

Barista Halima (Bolton):
Kafin a kai ga rushe katanga, bari in saka baki ta fuskar takardu, don nan mutanenmu suka fi yin tuntuɓe.

Dokar bangon haɗaka ta 1996 ta ce in za ka yi haƙa cikin mita 3 daga ginin maƙwabci, kuma haƙan zai wuce zurfin harsashinsa, sai ka ba shi sanarwa a rubuce wata ɗaya kafin a fara. A tsakar gidan teras ina za ka tsaya ka ce ka yi nisan mita 3 da ginin kowa? In maƙwabci ya ƙi, sai an kawo mai auna gini, kuma yawanci kai mai aikin kai za ka biya shi.

Sannan ku duba takardar gidan. A nan yankin Lancashire da Manchesta teras da yawa ba mallaka ce ta har abada ba, haya ce ta shekara 999, ƙasar tana da wani mai ita da ake biyan ɗan kuɗi duk shekara. Ba ka huda ƙasar mutum mita 120 ba da izininsa ba. Haka wanda ya sayi gida ta bankin Musulunci, inda bankin ke da kaso a gidan har ka gama biya: abokin tarayya ne, sai ka sanar da shi.

Abin da ya fi damuna da Bradford shi ne kwal. Kudancin garin, wajen Low Moor, an daɗe ana haƙar kwal da tama. Duk burtsatsen da zai ratsa jijiyar kwal ko tsohon ramin ma'adinai sai da izinin hukumar kwal, wadda aka sauya wa suna zuwa Mining Remediation Authority a 2024. Ba don takura ba ne: tsofaffin ramukan nan suna riƙe iskar gas mai guba, haƙa kan iya koro ta cikin ɗakunan ƙasa na maƙwabta. Suna da taswira a intanet, ku sa lambar unguwarku ku gani.

Baban Hanifa:
To, tun da an kawo ƙarata zaure, bari in kare kaina. Salamu alaikum.

Ba son ƙarya ba ne ya sa na dage. Kowa a nan ya tuna 2022, lokacin da farashin gas ya haukace har gwamnati ta shigo tana biyan wani kaso na bil ɗin kowane gida. In na sa boila yau, na ɗaure kaina da gas shekara 12 zuwa 15. Bututun ƙasa kuwa ana lissafa masa shekara 50 zuwa sama, na'urar cikin gida shekara 20 ko fiye, don ba ruwa ba rana da ke dukanta. Ba akwatin fanka a tsakar gida da zai dami maƙwabci, irin na famfon zafi na iska, wanda ke ɗibar ɗuminsa daga iskar waje. Kuma ranar da sanyi ya kai makura, na iska yana fama da iskar da ta sauka ƙasa da sifili, na ƙasa kuwa ko a jikinsa. Ga tallafin 7,500, ga harajin VAT da aka cire wa irin waɗannan kaya har zuwa Maris 2027. In ba yanzu ba sai yaushe?

Sadiya:
Lallai yau akwai kallo. Maman Hanifa ashe maigidan na ciki!

Maman Hanifa:
Na sani sarai, shi ya sa na kawo nan. A gida ba ya ji.

Injiniya Bashir:
Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ban cire ko ɗaya ba. Amma mu ɗauki biro.

A ce gidanku na shan awo 10,000 na ɗumi a shekara, wanda ba abin mamaki ba ne ga teras na tsakiya, tun da bango biyu ba sa zubar da zafi. A ce gas fenni 6 ne awo, lantarki fenni 26, kusan yadda suke a 'yan shekarun nan.

Boila mai kyau tana mayar da kashi 90 cikin 100 na gas ɗumi, don haka za ka sayi awo 11,100, kusan fam 670. Na ƙasa in ya ba da huɗu a kan ɗaya, awo 2,500 na lantarki ke nan, fam 650. Na iska in ya ba da uku da ɗan ɗori, a ce 3.2, awo 3,125, kusan fam 810. In ka cire mitar gas gaba ɗaya ka tsira da kuɗin tsayuwarta, sama da fam 100 a shekara, kuma wannan na ƙasa da na iska duk suna samu.

To ka ga tazarar na ƙasa da na iska: fam 160 a shekara. Kafa na iska a irin gidanku bai cika wuce fam 11,000 zuwa 13,000 ba kafin tallafi. Na ƙasa da burtsatse kuwa ninki biyu ne in ka yi sa'a, sau da yawa ya wuce haka nesa. Tallafin kuma ɗaya ne, 7,500, tun Oktoban 2023 da aka daidaita su. Da can 6,000 ne na ƙasa, 5,000 na iska. In bambancin kafawa fam 15,000 ne kacal, raba shi da 160 ka ga shekarun da za ka yi kafin kuɗinka su dawo. Sun haura 90.

Dalilin da lissafin ke ƙin fita a teras shi ne ƙarancin abin da gidan ke sha. Kuɗin kawo inji, da izini, da kwashe laka, kusan ɗaya ne ko gidan babba ne ko ƙarami. Mai katafaren gida a ƙauye da ke ƙona man ɗumama gida, ba layin gas, yana shan awo 30,000, shi ramin ke biya.

Baban Hanifa:
Injiniya, ka lissafa da farashin yau. Wa ya ce gas zai tsaya a fenni 6?

Injiniya Bashir:
Ba wanda ya ce. Amma in gas ya tashi, hujjarka ta barin boila ce ke ƙara ƙarfi, ba hujjar haƙa rami ba. Na iska ma ya raba ka da gas. Tsakanin na ƙasa da na iska farashin lantarki ne kawai ke magana, kuma ko ya ninka, tazarar ta zama fam 320.

Mamman Ɗan Damagaram (Suwidin):
Ina biye da ku daga nan arewa. Mu a nan abin ba sabo ba ne, unguwannin gidajen ƙasa da yawa kusan kowa da raminsa, tun shekaru da dama. Amma kada a ɗauki namu a auna naku. Ƙasarmu dutse ce mai tauri, sau da yawa mita kaɗan ka same shi, yana ɗaukar zafi da kyau kuma ramin ba ya rubzawa. Masu haƙa sun yi yawa, suna gasa. Kuma gidaje ba su da layin gas irin naku, don haka da mai ko lantarki zalla ake gwada shi, shi ya sa yake cin nasara.

Abin da nake so in ƙara: a Stockholm ana son tazarar mita 20 tsakanin raminka da na maƙwabci, in ba ta kai ba sai an ji ta bakinsa. Gidan layi nawa ne faɗinsa? Mita 5? Wanda ya riga haƙa ya ci, na gefensa ya shiga uku. Shi ya sa a gidajen layi ake son ƙungiyar mazauna ta tsara ramukan tare.

Injiniya Bashir:
Madalla Malam Mamman, ka taɓo jijiyar. Rami yana zuƙar ɗumi daga ƙasar da ke kewaye da shi, ita kuma a hankali take mayarwa. In gida 30 a layi ɗaya kowa ya huda nasa, mita 5 tsakani, gaba da baya, shekara bayan shekara ƙasar sanyi za ta riƙa yi, ribar kowa tana raguwa. Ba za a gani a hunturun farko ba.

Don haka ni ba na cewa na ƙasa bai dace da teras ba. Cewa nake bai dace da gida ɗaya shi kaɗai ba. Inda yake aiki shi ne a haƙa ramukan a ƙarƙashin titi ko lungu, injiniya ɗaya ya tsara zurfinsu da tazararsu, a ja bututu ɗaya ya bi layin, kowane gida ya ja reshe kamar yadda aka ja na gas da na ruwa. Cikin gida kuma kowa da ƙaramar na'urarsa, da mitarsa, da bil ɗinsa. Ruwan da ke yawo a bututun mai sanyi ne, don haka ba asarar zafi a hanya.

An yi, ba tatsuniya ba ce. Kamfanin Kensa na Cornwall ya yi a ƙauyen Stithians da kuɗin tallafin Tarayyar Turai, aka haƙa a titi aka haɗa gidajen da mutane ke ciki. Kafin nan sun yi a Enfield ta Landan, dogayen benaye 8, gidaje 400. A Bacup ta Lancashire ma akwai shirin da aka tsara musamman don layukan teras. Kuma tallafin 7,500 yana shafar irin wannan haɗakar, kowane mai gida na iya neman nasa.

Abdul Zango (Landan):
Ni a irinsa nake zaune, benen ƙungiyar gidajen haya. Da hita ta lantarki muke da ita, irin mai tara zafi da dare, wadda kafin la'asar ta huce. Aka zo aka haƙa a wurin ajiye motoci, aka yi makonni ana laka da ƙara. Yanzu akwati ne a cikin kabad na baranda, bai kai injin wanki ba, tanki a samansa. In ka kasa kunne za ka ji gunjinsa ƙasa-ƙasa, in ka rufe kabad shi ke nan.

Abin da ya ba mu wuya sabo ne. Ka taɓa radiyeta ka ji ta ɗumi-ɗumi, ba ta ƙona hannu, sai ka ce ta lalace. Tsohuwata da ta zo daga Kumasi kullum sai ta murɗa ma'aunin bango zuwa ƙarshe, ta kashe in za mu fita, mu dawo gida kamar firij, a yi awa uku kafin ya farfaɗo. Sai da muka koyi a saita shi digiri 20 a ƙyale shi. Daga nan bil ya sauka sosai. Amma ku lura, da hitar lantarki nake gwadawa, ba da gas ba.

Alhaji Sani:
Injiniya, Abdul ya ba ka amsa bai sani ba. Bene mai shi ɗaya ne, sa hannu ɗaya, an gama. Layin teras fa? Ka zo layinmu ka ƙirga. Wannan ɗan haya ne, mai gidan yana Dubai. Wannan tsohuwa ce mai shekara 80 da ba ta son a taɓa mata ko labule. Wannan bara ya sa sabuwar boila. Wannan ɗalibai shida ne. Mutanen da ba su iya haɗuwa a kan wanda zai share lungu ba, su ne za su haɗu a kan rami? Kuma titin na kansil ne, wato ƙaramar hukuma, ƙarƙashinsa cike da bututun ruwa da gas da wayoyi tun zamanin Sarauniya Biktoriya.

Sannan ka faɗa musu sauran: kamfanin da ya binne bututun ba sadaka ya yi ba. Kuɗin wata-wata zai ɗora wa kowane gida, shekara da shekaru. Ka sa wannan cikin lissafinka na fam 650 mu gani.

Injiniya Bashir:
Wannan kam ka kama ni da hujja, Alhaji. Kuɗin wata yana nan, kuma zai iya cinye tazarar da ke tsakaninsa da na iska. Abin da mai gida ke samu shi ne bai fitar da kuɗin rami daga aljihunsa ba. Inda nake ganin dole a bi ta nan shi ne irin gidajenka na baya-da-baya. Leeds ta ci gaba da gina su har 1937, suna nan dubbai. Ba su da inda za a ajiye akwatin na iska, sai ko a rataye shi a fuskar gida kan titi. Ranar da aka ce a bar gas, ko bututun haɗaka ko hitar lantarki mai cin kuɗi, ba na uku. Amma wannan aikin kansil ne da ƙungiyoyin gidaje, ba na mutum ɗaya ba.

Dakta Rakiya (Glasgow):
Maman Hanifa, ni teras na tsakiya nake, kuma na iska muka sa. Akwatin yana tsakar gida jikin bangon kicin, tsayinsa bai kai ƙugu ba. Abin da ba a gaya maka: iska mai sanyi yake hurowa ta gaba, don haka ba a zama gabansa, kuma in ana sanyi yana zubar da ruwa, sai an yi masa hanya zuwa magudana in ba haka ba ƙanƙara za ta kwanta a wurin. An sauya mana radiyetar falo da ta ɗakin sama zuwa masu kauri, sauran aka bari.

Mu a Sikotilan tsarin daban ne, ta Home Energy Scotland: tallafin 7,500, da bashin da ba ruwa a kansa ga mai so. Wannan ya sauƙaƙa mana ta fuskar addini. Ku a Ingila kuma tun Mayun 2025 an cire sharaɗin nan na sai akwatin ya yi nisan mita ɗaya da iyakar maƙwabci, wanda shi ke hana masu teras da yawa. Awon ƙara dai yana nan, mai kafawa zai lissafa daga tagar maƙwabci mafi kusa.

Amma kafin komai ku hau silin ku duba kaurin audugar rufi, ku toshe iskar da ke shigowa ta ƙofa da ta ƙasan katako, musamman ku masu ɗakin ƙasa. Bangon dutse kuwa a yi hattara. Tsohon gini ne marar rata a tsakiya, numfashi yake yi. In aka lulluɓe shi ta ciki ba bisa ƙa'ida ba, danshi da baƙar fumfuna za su biyo baya, kuma yara masu asma su ke fara biya. Wannan a asibiti nake ganinsa.

Usman Mai Gas:
Duk na ji. Amma ba wanda ya tambayi mutum nawa ne a gidan. Gidajenmu ba irin na Bature da matarsa da kare ba ne. Mutum bakwai, takwas, ga baƙi, ga alwala da ruwan ɗumi sau biyar, ga wanke-wanken tukwane. Kombi ba ta ƙarewa, ka buɗe famfo kawai. Tanki kuwa in lita 200 ne, mutum na huɗu a layin wanka ranar Juma'a zai yi bayani. Sannan teras da yawa da na shiga siraran bututu ne a ƙarƙashin katako, milimita 8 ko 10. Famfon zafi na son ruwa mai yawa yana gudu, sai an ɗaga dabe an sauya. Ko na ƙasa ko na iska, wannan aikin yana nan.

Sadiya:
Malam Usman dai tuwonsa yake karewa.

Usman Mai Gas:
Tuwona ba ya cikin haɗari, 'yar'uwa, na yi kwas ɗin famfon zafi, duk wanda aka zaɓa ni zan ɗaura bututun. Abin da na ƙi shi ne a yi wa mutum lissafin takarda a bar shi da sanyi. Na shiga gidan da aka kafa na'ura ba a auna ɗakunan ba, radiyetocin da suke nan aka bari, mai gidan ya ƙure ta digiri 60 don ya ji ɗumi, bil ya ninka. Ba laifin na'urar ba ne, amma shi ina ruwansa da wannan bayani?

Injiniya Bashir:
A nan ba mu da saɓani da Usman. Duk kamfanin da ya ba ku farashi bai shiga kowane ɗaki da tef ya auna bango da taga ba, ku sallame shi. Kuma tallafin ba ya fita sai mai kafawa yana da rajistar MCS, tsarin da ke tantance masu kafa irin waɗannan na'urori, shi ne ma ke nema a madadinku. Batun wanka kuwa, ɗakin ƙasansu zai ɗauki tanki lita 300.

Baban Hanifa:
Akwai abu ɗaya da ba ku ambata ba: sanyaya gida. Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby, ɗakin saman rufinmu ba ya kwantuwa. Na ƙasa yana iya juyawa ya kai zafin gida cikin rami kusan kyauta.

Injiniya Bashir:
Yana iyawa, kuma ramin ma yana amfana don ana mayar masa da abin da aka ɗiba. Sai dai ba ta radiyeta ba, zufa za ta yi ta jiƙa kafet. Sai an ƙara na'ura mai fanka a ɗakin, wani kuɗin ke nan, don kwanakin da ba su fi a ƙirga ba a shekara.

Malam Ibrahim (Sheffield):
Tambaya ga Barista. Kuɗin watan nan na bututun haɗaka, haya ce ko bashi ne da ruwa aka sauya wa riga? Kuma in mutum zai sayar da gidan fa?

Barista Halima:
Yadda aka saba tsara shi, bututun na kamfani ne, kai kuɗin amfani kake biya, kamar kuɗin tsayuwar mitar gas. Hukuncinsa na bar wa malamai, amma a kai musu takardar kanta, ba labarinta ba. Ni abin da zan nema a ciki: shekara nawa ce yarjejeniyar, da me ake ƙara kuɗin duk shekara, wa ke gyara in bututu ya fashe a ƙarƙashin titi, me zai faru in kamfanin ya karye ko ya sayar wa wani, kuma shin nauyin yana bin gidan zuwa ga mai saye. Wannan na ƙarshen lauyan mai saye da bankinsa za su tono shi, ko kun manta su ba za su manta ba.

Baban Hanifa:
To. Ramin kaina dai na ji, na janye shi. Amma ban sallama wa boila ba, Alhaji kada ka yi murna. Layinmu yawanci masu gida ne a ciki, kuma rabinsu muna haɗuwa a masallaci ɗaya. Zan tuntuɓe su, zan kuma rubuta wa kansilanmu in ji ko akwai shirin haɗaka a unguwar. In babu, na iska.

Usman Mai Gas:
Kafin kansila ya amsa wasiƙa hunturu ya shigo ya fita. Ka turo min hoton boilar da lambar da take nunawa in ta tsaya. In fanka ce ko bawul, a gyara ta rarrafa zuwa bazara, ku yi shawara ba da sanyi a jiki ba.

Injiniya Bashir:
Ni kuma ku turo jimillar awon gas na shekarar da ta wuce, yana jikin bil, da adadin mutanen gidan.

Alhaji Sani:
Malam, in ka samu gida goma a layinku sun sa hannu, ba alkawarin bakin masallaci ba, sa hannu a takarda, ka kira ni. Zan zo Bradford da kaina in ga yadda ka yi, don ina da layi uku da ke buƙata.